Kogi Ma Yana da Rabonsa: Komadugu daga Tiga zuwa Boso

Duk wanda ya taɓa zama a Diffa ya san ranar da ruwa ke isowa. Tun da hantsi labari ke zagaya gari, ana gaya wa juna a kasuwa da bakin shaguna cewa an gan shi a ƙauyukan yamma. Yara su ruga bakin kogi su tarbi goshin ruwan da ke rarrafe bisa busasshen yashi, yana turo kara da kumfa a gabansa. Manomin tattasai ya fiddo injinsa na ban ruwa ya kakkaɓe shi, masunci ya zauna ɗinkin koma, makiyayi kuma ya soma lissafin ranar da zai gangaro da garkensa.

Kaɗan ne daga cikinmu ke tambayar inda wannan ruwa ya fito. Ruwan sama da ke sauka a garin Diffa a shekara bai cika wuce milimita 300 ba, wanda da ƙyar yake kai gero ga nuna. Ruwan da ke cika Komadugu baƙo ne. A ƙasar Kano da Bauci da tsaunukan Jos ya sauka, ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ya iso mu. A kan hanyarsa kuwa akwai ƙofofin ƙarfe da hannun ɗan Adam ke buɗewa ya rufe. Wannan ne ya sa muka ga ya dace, ya ku ƴan'uwa masu karatu, mu bi sawun kogin nan daga mafarinsa, mu ga yadda ake raba ruwansa, da abin da ke faruwa idan aka manta da rabon kogin kansa.

Hanyar ruwa

A harshen Barebari, komadugu na nufin kogi. Manyan iyayensa biyu ne, dukansu a Tarayyar Nijeriya. Na farko shi ne kogin Haɗeja, wanda kogin Kano da na Calawa ke haɗuwa su haifa. Na biyu shi ne kogin Jama'are, da ke gangarowa daga tudun Jos ya ratsa ƙasar Bauci. Muddin suna bisa ƙasa mai duwatsu, kowanne na tafiya cikin kwarinsa. Da zarar sun sauko ƙasar yashi, sai tsofaffin jigayi su tare musu hanya, su rarrabu rassa-rassa, su bazu cikin wata makekiyar fadama tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa. Daga Gashuwa ne abin da ya saura ke sake haɗuwa ya zama kogi guda, ya wuce Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijar da Nijeriya na tsawon kimanin kilomita 150, ya ratsa Diffa da Geskeru, ya faɗa Tabkin Cadi a kusa da Boso.

Kasancewar fadamar tana riƙe ruwan tana sako shi sannu a hankali, cikar kogi ba ta iso mu sai bayan damina ta ɗauke. Ruwan da ya sauka a watan Agusta a can sama, sai wajen Nuwamba yake kai ƙololuwarsa a Diffa. Wannan jinkiri rahama ne. Shi ne ya sa ake noman tattasai da shinkafa da albasa a ƙasar da sama ba ta ba ta komai daga Oktoba har Yuni. Kafin rashin tsaron da ya afka wa jahar a 2015, ana ƙiyasta busasshen tattasan da Diffa ke fitarwa da kimanin tan dubu 10 a shekara, mafi yawansa kuma kasuwannin Nijeriya yake komawa. Ruwa ya zo daga can, tattasai ya koma can.

Abin da ambaliya ke yi

Mun saba jin kalmar ambaliya tare da bala'i. Amma ga mutumin fadama, malalar ruwa ta shekara-shekara ita ce rumbunsa. Idan kogi ya haura gaɓa ya shiga ciyawa, tarwaɗa da karfasa na binsa su zuba ƙwai a ruwa marar zurfi, inda ƙananan kifi ke samun abinci da maɓoya. Ruwan na shimfiɗa laka mai taki a gonaki. Shinkafar fadama na tashi tare da shi. Idan ya soma janyewa, manomi na bin danshin da ya bari da wake da kuɓewa da sauran kayan rani, ba inji ba mai. Bayan girbi, shanu su shigo su ci ɗanyar ciyawa a daidai lokacin da jeji ya ƙone. Dazuzzukan gabaruwa da goruba, inda mata ke samun itace da kaba, da wannan jiƙa suke rayuwa.

Akwai kuma aikin da ido ba ya gani. Wani kaso mai yawa na ruwan da ya kwanta a fadama nutsewa yake cikin yashi, ya ciyar da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Rijiyar ƙauyen da ke nesa da kogi, wanda mutanensa ba su taɓa shiga kwalekwale ba, daga wannan ajiya take sha. Shekarar da malala ta gaza, guga ce ke fara ba da labari, domin sai an ƙara mata igiya.

Har ila yau fadamar masauki ce ga agwagin ruwa da sauran tsuntsayen da ke ƙetaro hamada daga Turai duk lokacin sanyi. Saboda su da sauran halittun wurin aka sa tabkin Nguru da reshen Marma cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a shekarar 2000, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971.

Madatsun sama

A shekarar 1974, ana tsakiyar farin da ya halaka dabbobin Sahel, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, aikin da aka soma zamanin gwamna Audu Baƙo. An gina ta don ta riƙe kusan mita kubik miliyar 2, kowace mita kubik kuwa lita dubu ce. A 1992 aka ƙara da ta Calawa. Da waɗannan biyu, mafi yawan ruwan kogin Haɗeja ya shiga ƙarƙashin makulli.

Adalci ne mu faɗi alherin da suka kawo. Birnin Kano mai miliyoyin mutane yana shan wannan ruwa. Gonakin ban ruwa na Kadawa da Kura suna fitar da shinkafa da tumatir da alkama, suna ciyar da dubban gidaje, wasu buhunan ma a kasuwanninmu ake sauke su. Waɗanda suka gina Tiga sun ga yunwa da idonsu, kuma maganinta suka nema. Babu mai hankalin da zai ce a rushe su.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. A ƙarshen shekarun 1960, faɗin wurin da ruwa ke malalewa a fadamar Haɗeja da Nguru ya haura murabba'in kilomita 2,000. A farkon shekarun 1990 ya koma ƙasa da 1,000. Fari yana da hannu a ciki, musamman na 1973 da na 1984, amma madatsun ma suna da nasu. Ruwan Haɗeja da ke kaiwa Gashuwa ya ragu matuƙa, har ta kai mafi yawan abin da ke iso mu a Diffa daga Jama'are yake, kogin da har yanzu ba shi da babbar madatsa. Shi ya sa duk lokacin da aka tayar da maganar kammala madatsar Kafin Zaki a ƙasar Bauci, hankalin mutanen Yobe da Barno ke tashi, kuma ya kamata namu ya tashi tare da nasu.

A farkon shekarun 1990 wasu masana, cikinsu har da masanin tattalin arziki Edward Barbier, sun zauna sun lissafa abin da fadamar ke samarwa ta fuskar noma da kifi da itacen girki, suka gwada shi da abin da gonakin ban ruwa na kogin Kano ke samarwa. Suka tarar cewa, idan aka auna da yawan ruwan da kowanne ke sha, amfanin fadamar ya ninka na gonakin sau da yawa. Kafin wannan lissafi, injiniyoyi da yawa na ɗaukar ruwan da ya malala cikin fadama a matsayin asara. Dalilin kuwa shi ne, arzikin fadama a warwatse yake cikin dubban ƙananan gidaje, ba ya shiga kundin kowane ofis.

Darasin ciyawar kacala

Abin da ya fi ba mu mamaki cikin tarihin nan shi ne cewa ɓarna mafi tsanani ta zo ne ta hanyar ruwan da aka sako, a lokacin da ba nasa ba. A da, rassan kogin Haɗeja bushewa suke yi ƙaf da rani. Rana ta gasa ƙasa, shanu su tattake, wuta ta cinye abin da ya saura, damina ta tarar da hanya a share. Da madatsun suka soma sako ruwa duk shekara don birni da gonakin rani, rassan suka daina bushewa. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi ne gidan da ciyawar kacala ke so. Ta yaɗu ta cika reshen Marma da sauran rassa, ta tare laka, hanyoyin ruwa suka toshe.

Sakamakon ya zo ta fuska biyu. Bayan toshiyar, ruwa ya taru ya cinye gonaki da ƙauyuka, a shekarun 2000 har hanyar mota tsakanin Haɗeja da Nguru ya sha. Gaban toshiyar kuma, rassan da ya kamata su kai ruwa Gashuwa suka ƙafe. Masunci ya rasa inda zai jefa koma. Tsuntsayen jan-baki suka sami wurin kwana cikin kacala, suna fitowa da safe su afka wa gero da shinkafa. Sauro da dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya suka sami mazauni.

Darasin a fili yake. Yawan ruwa kaɗai bai isa ya raya kogi ba, sai an kiyaye masa lokutansa. Yana buƙatar cikarsa da damina, yana kuma buƙatar ƙafewarsa da rani. Masana na zamani suna da ilimi mai zaman kansa a kan wannan, inda suke ƙididdige ruwan da ya wajaba a bar wa kogi, nawa ne, a wane wata, na tsawon kwana nawa, domin kifi da ciyawa da rijiyoyi su ci gaba da aikinsu. Tun shekarun 1990 masu binciken fadamar Haɗeja da Nguru suka ba da shawarar a riƙa sako ruwa mai yawa daga madatsun a watan Agusta, ya haɗu da cikar Jama'are, ya zama kamar malala ta asali, sannan a taƙaita na rani ga abin da ake buƙata.

An gwada a Kamaru

Wannan shawara ba mafarki ba ce, domin maƙwabtanmu sun gwada irinta. A arewacin Kamaru, a 1979, aka gina madatsar Maga da ganuwa a gefen kogin Logon, don gonakin shinkafa na kamfanin SEMRY. Malalar da ke shayar da fadamar da ake kira Yayre ta ragu ƙwarai. Ciyawa mai ɗorewa ta mutu, kifi ya yi ƙaranci, makiyaya suka kaɗa shanunsu wasu wurare, namun dajin Waza suka ragu.

A 1994, da taimakon ƙungiyar kare halittu ta duniya UICN, aka buɗe bakin wani reshe da ganuwar ta toshe, aka bar ruwan Logon ya sake shiga fadama a lokacin cikarsa. Kimanin murabba'in kilomita 200 suka sake jiƙa. A 1997 aka buɗe reshe na biyu. Cikin ƴan shekaru kifi ya dawo, ciyawa ta farfaɗo, garkuna suka komo. Madatsar Maga na nan, gonakin shinkafa na nan. Abin da aka yi kawai shi ne mayar wa fadama wani yanki na haƙƙinta.

Takardu da alkawura

Ba a rasa dokoki ba. A 1964 Nijar da Nijeriya da Cadi da Kamaru suka kafa hukumar kula da Tabkin Cadi, CBLT. A 1990, a Maiduguri, Nijar da Nijeriya suka sa hannu kan yarjejeniyar raba ruwan koguna huɗu da suka haɗa su bisa adalci, cikinsu har da Gulbin Maraɗi da Magiya da ƙarshen Komadugu. A 2006, a Damaturu, gwamnonin jahohi shida na Nijeriya da kogin ya shafa, wato Kano, Jigawa, Bauci, Filato, Yobe da Barno, suka amince da tsarin kula da shi baki ɗaya, suka kuma kafa asusu don aikin. An share wasu rassa, an yi ta yankan kacala. A 2012 shugabannin ƙasashen CBLT suka amince da kundin dokar ruwa na yankin tabkin, wanda ya tanadi barin wani kaso na ruwa ga koguna da dausayoyi.

Amma takarda ba ta buɗe ƙofar madatsa. Raba ruwa yana buƙatar ma'aunai masu aiki a gefen kogi, da ma'aikatan da ke karanta su kullum, da al'adar sanar da maƙwabci abin da aka gani. Mun ɗanɗani muhimmancin haka a 2019 da 2022, lokacin da Komadugu ya cika ya batse, ya ci gidaje da gonakin tattasai a Diffa da ƙauyukan gefensa. Ruwan da zai iso mu yana wuce Gashuwa da Gaidam makonni kafin nan. Saƙo guda da ya iso kan lokaci yana iya tsirar da rumbu da dabbobi da rayuka. Fadamar da rassanta ke buɗe kuma ita ce babban wurin da ke shanye ƙarfin irin wannan cika kafin ta sauko mana.

Na sama da na ƙasa

Rigimar mai gonar sama da mai gonar ƙasa tsohuwa ce. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hukuncin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke game da koramu biyu na Madina, Mahzur da Muzainib. Ma'anarsa ita ce, wanda ruwa ya fara isowa yana da damar tare shi har ya kai idon sawu a gonarsa, daga nan wajibi ne ya sake shi ga wanda ke ƙasa da shi. An ba na sama fifiko, an kuma yi masa iyaka da ma'aunin da kowa ke iya gani. Malaman fiƙihu sun ƙara bayyana cewa ruwan manyan koguna ba mallakar kowa ba ne, kuma shan mutum da na dabba yana gaban ban ruwan gona. Abin da injiniyoyin yau ke nema da na'urorinsu shi ne idon sawun Tiga da Calawa, wato iyakar da za a ce nan haƙƙin na sama ya ƙare.

Kada kuma mu ɗauka mu kullum na ƙasa ne. A kan kogin Kwara mu ne a sama, Nijeriya a ƙasa. A 1985 kogin ya tsaya cik a Yamai, abin da ya ƙarfafa niyyar gina madatsar Kandaji a jahar Tilaberi, wadda aka aza harsashinta a 2008. Ɗaya daga cikin manufofinta shi ne tabbatar da cewa ruwa bai sake yankewa da rani ba. Ranar da makullinta ya shiga hannunmu, masuntan Gaya da na Yawuri za su yi mana irin tambayar da muke yi wa Kano a yau. Ya kamata mu tanadi amsa tun yanzu.

Rabonmu na aiki

Mai gida da ke karanta wannan a Diffa ko Damagaram ko Maraɗi zai iya cewa, ina ruwana da ƙofofin Tiga? Amsa ita ce, kowannenmu na sama ne ga wani. Manomin da ya datse ƙaramin reshe da buhunan yashi don ya cika gonarsa ya bar na gaba da ƙishi, ya yi abin da yake zargin madatsa da shi. Masuncin da ya gicciya dumba daga gaɓa zuwa gaɓa lokacin da kifi ke hawa zuba ƙwai, ko ya ja raga mai ƙananan idanu, ya ci kifin baɗi tun bana. Wanda ya sare gabaruwar bakin kogi ya buɗe wa yashi hanya. Wanda ya wanke famfon feshin magani a cikin ruwa ya zuba guba a tulun ƙauyen da ke gaba. Wanda ya gina gida a tsakiyar fadama don ya ga ta yi shekaru a bushe, ya manta kogi yana gane tsohuwar hanyarsa.

Akwai abubuwan da ke hannunmu. Ƙungiyoyin manoma na iya tsara zagayen kunna injuna, a kuma yi ban ruwa da sanyin safiya ko yamma don rage abin da rana ke sha. Sarakunan ruwa na iya farfaɗo da tsohuwar ƙa'idar hana su a lokacin haihuwar kifi. A bar wa dabbobi burtali zuwa mashaya, domin rigimar manomi da makiyayi sau da yawa daga toshe wannan hanya take tashi. Wakilanmu a majalisun gundumomi kuma mu riƙa tambayarsu ko ma'aunin ruwan da ke kusa da mu yana aiki, da ko akwai wanda ke karɓar labari daga Gashuwa da Gaidam.

Iyaye mata da maza, idan ruwa ya iso bana, ku kai yara bakin kogi. Ku gaya musu sunayen garuruwan da ya ratsa kafin ya zo, da sunayen waɗanda ke jiransa a gaba har Boso. Yaron da ya san akwai wani yaro a ƙasa da shi yana jiran ruwan nan, ba zai girma ya datse shi ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu cikin masu riƙon amana.